Filin da Suka Ce Kududdufi Ne

Samarin da ke zama a dakalin ƙofar gidana a Yakasai sun ɗauka sana'ata ce mafi sauƙi a duniya. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce min, "Baba Sule, ai aikinku ba wuya. Ka saya yana ƙasa, ka sayar yana sama, shi ke nan." Na ce masa haka ne, noma ma ba wuya, ka zuba iri ka kwashe hatsi. Suka yi dariya, ni ban yi ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina duba kamfanonin gidaje da filaye, in gaya wa mai kuɗi ko hannun jarinsu ya cancanci a saya, ko a riƙe, ko a rabu da shi. Tunda bakina ba ya iya gasa da nasu a dakali, bari in rubuta musu su karanta a tsanake.

Ba da takarda na fara ba. Da na gama makarantar koyon kasuwanci, mahaifina ya kai ni wurin Alhaji Mudi, dillalin gidaje a Gwammaja. Mutumin ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma in ya shiga gida ya fito ya yanke masa kuɗi, mai saye da mai sayarwa duk shiru suke yi. Gidan farko da ya sa ni in kimanta yana cikin wani lungu, an shafe shi da siminti, an yi masa sabon fenti ruwan ƙwai, har ƙamshi yake. Na zagaya ɗaki huɗu, na auna tsakar gida, na fito ina ji da kaina na faɗi kuɗi mai tsoka. Alhaji ya shige ɗaya daga cikin ɗakunan. Ya jawo turmi ya taka, ya zaro wani tsinken ƙarfe daga aljihu ya soka a azara. Gari ya zubo masa a hula kamar ana tankaɗe. Gara ta cinye rufin tun tuni.

"Sule," ya ce yana kaɗe hular, "fentin nan don kai aka yi shi. Je ka duba inda ba a yi fenti ba."

Shekara shida na yi ina bin bayansa, daga nan na sami aiki a ofishin wasu dillalan hannun jari. A can na haɗu da Hajiya Rabi, akantar da ba ta san wasa ba. Ranar farko ta ga na buɗe rahoton shekara na wani kamfani daga shafin farko, ina kallon hoton shugabanni sun sha manyan riguna. Ta karɓe littafin ta juya shi, ta buɗe min can baya inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan kifi, ta ce daga nan ake farawa. Nan take na gane ashe ita da Alhaji Mudi makaranta ɗaya suka yi, duk da ba su taɓa ganin juna ba.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba su canja ba. Jan biro, kalkuleta, tef na awo, littafi mai kauri, da takalmin roba na shiga ruwa. In aka kawo min kamfani, sai in zauna da rahotonsa na shekara biyar a jere. Me ya mallaka, kuma da takarda ko da baki? Wa ke bin sa, kuma bashin mai kuɗin ruwa ne? Mutanenmu na birni wannan suke fara tambaya, don ba mai son ya ciyar da iyalinsa da riba ta haram. Sannan kuɗin haya, suna shigowa a hannu ko a rubuce kawai suke? In na gama, sai in cire bashi daga dukiya, in raba abin da ya saura da yawan hannayen jarin, in ga nawa kowane ɗaya ya kai a gaskiya, in kwatanta da abin da ake sayar da shi a kasuwa. Wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin da ƙafa ake yin sa, domin kamfanin gidaje dukiyarsa a ƙasa take, dole ka je ka taka.

Na taɓa ƙin zuwa sau ɗaya, don rana ta yi zafi kuma rahoton ya yi kyau. Na ce wa wani ɗan kasuwar atamfa ya saya. Ashe gidaje goma sha biyun da suka rubuta ana haya, rabinsu ko rufi babu. Mutumin bai zage ni ba, sai dai daga ranar in muka haɗu a masallaci yakan canja sahu. Har ya rasu ban daina jin kunyarsa ba.

Aikin da nake so in ba da labarinsa shi ne na Malam Habu, tsohon hedimasta, mutumin Dukawuya. Ya zo ofishina da wata leda cike da takardu, ya zauna ya daɗe yana gyaran hula kafin ya yi magana. Lokacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a hannun jarin wani ƙaramin kamfanin gidaje, irin wanda malamai da 'yan kasuwar birni suka haɗu suka saya. Yanzu ga abin da ya taso. Gidan da yake ciki gidan gado ne, su shida ke da shi, kuma 'yan'uwa sun ce a sayar a raba. Mai unguwa ya sa an yi wa gidan kuɗi. Tunda shi ne a ciki da iyalinsa, aka ba shi shekara ɗaya ya biya kowa rabonsa, in ya kasa a sayar wa bare. A gidan aka haife shi, a zauren mahaifinsa ya koya masa karatu.

Da a ce hannun jarin yana nan a farashin da ya saya, da ya kusa isa. Amma a daminar shekarar wani ƙaramin ginin kamfanin a gefen Gwammaja ya tsage daga sama har ƙasa, aka kwashe 'yan haya. Nan da nan magana ta cika gari cewa a kan cikakken kududdufi aka gina shi, kuma babban filin kamfanin da ke kusa da shi, wanda shi ne ƙashin bayan dukiyarsa, shi ma kududdufi ne aka cike da shara. Duk ɗan birni ya san abin da wannan ke nufi. Ramin da kakanni suka ɗebi ƙasar gini, ruwa ya kwanta a ciki shekara da shekaru, in ka cike shi da bola ka ɗora bene, ka gina wa ruwa ne. Ga shi kamfanin ya yi shekara biyu bai raba riba ba. Kowa ya fara neman kai da nasa hannun jarin. Sai ga wani wakilin wani Alhaji yana bin gida-gida yana saye da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka saya ba, yana cewa taimako Alhaji yake yi.

"Malam Sule," in ji Malam Habu, "in na sayar masa, gidan ya tafi, amma zan sami na haya a bayan gari. In na riƙe kamfanin ya nutse, gidan ya tafi, na hayar ma babu. Ka gaya min gaskiya ko da ɗaci."

Na ce ya ba ni mako uku.

Takardun sun ba ni mamaki. Bashin kamfanin bai taka kara ya karya ba, kuma ba na banki ba ne. Hayar shagunansa tana shigowa. Ribar da ba a raba ba, na bi sawunta har can baya cikin ƙananan rubutu, na tarar an kashe ta wajen biyan diyya da fitar da takardar mallakar babban filin. Filin kuwa an rubuta shi a kuɗin da aka saye shi tun ana hawa tasi da sulalla. Na buga lissafi sau uku. In ƙasar filin mai kyau ce, kowane hannun jari ya ninka tayin Alhaji sau takwas ko fi. In kududdufi ne, Alhaji ya ma yi ƙoƙari. Duk maganar ta koma kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi kuma babu shafin da ya rubuta shi.

Kawo injiniya da na'ura ya fi ƙarfin aljihun Malam Habu. Tambayar dattawan unguwa kuma ba ta fisshe ni ba, wannan ya ce ruwan ya kai masallaci, wancan ya ce bai wuce tsamiya ba, har suka kusa faɗa a gabana. Sai na tuna zamanin Alhaji Mudi. In yana shakkar ƙasar gida, ba mai gidan yake tambaya ba, ba maƙwabta ba. Mai haƙa rijiya yake nema.

Na sami Baba Iro a gindin wata bishiya yana gyara ƙotar dagi. Ya tsufa, ya daina shiga rami, 'ya'yansa ke yi, amma kusan duk rijiyar da ke wannan yanki hannunsa ne ko na mahaifinsa. Na gaishe shi, na ajiye goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya tashi, ya ce in biyo shi. Muka zagaye filin ta waje, gida-gida, yana sallama ana ce masa shigo.

"Wannan rijiyar ni na haƙa," ya ce a gidan farko. "Gaba ɗaya da rabi na tarar da marmara, ta cinye min bakin dagi biyu. Waccan ta kudu ma haka. Ta gabas, sai da na ce wa mai gidan ya ƙara min kuɗi." Da muka zo kusa da ginin da ya tsage, sai ya tsaya ya ja layi a ƙasa da sandarsa. "Daga nan zuwa can ne ruwa. Nan na haƙa wa wani, ina fito da tsumma da fasassun kwalabe da baƙar laka mai wari har gaba uku, na ce masa ya haƙura. Waɗanda suka ɗora ginin nan ba su tambayi kowa ba. Amma wancan babban fili, Malam, tudu ne. Ai shi ya sa ba a ɗebi ƙasa a wurin ba, ya fi ƙarfin diga."

Na roƙi maigadin filin, ya yarda aka yi ramin gwaji a kusurwa uku. Duk ukun jar ƙasa ce sannan marmara, ko leda ɗaya ba ta fito ba. Ina tsugune ina murza ƙasar a hannu, Baba Iro ya ce, "Kai ne na biyu da ka tambaye ni wannan."

Na ɗago. Na ce wa ne na farko?

Ya kwatanta min mutumin, da farar motarsa da wushiryarsa. Wakilin Alhaji ne, ba ko tantama. Tun kafin ya fara bin gidaje yana taimako, ya zo an haƙa masa ya gani.

"Ya ba ni kuɗi ya ce kada in je ina faɗa wa mutane," in ji Baba Iro. "Ni kuwa ban je ba. Kai ka zo."

Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na koma na rubuta wa Malam Habu shafi biyu, na karanta masa, na ce kada ya sayar. Na kuma gaya masa abin da nake gaya wa kowa: darajar abu na sani, ranar da kasuwa za ta gane ban sani ba, wannan sai Allah. Ya ce ya ji, ya riƙe.

Daga nan muguwar shekara ta fara. Farashin bai tsaya ba, ƙara faɗuwa ya yi. Kamfanin ya yi gum kamar an aiko masa da mutuwa. Na gaya wa wasu malamai abin da na gani, kaɗan suka saurara, sauran suka ce kamfanin ne ya saye ni. A majalisa aka sa min suna Sarkin Jira. Manyan masu ba ni aiki uku suka ɗauke ƙafa, har na bar ofishin da nake haya na dawo zauren gidana da teburi ɗaya. Wakilin Alhaji kuwa duk wata sai ya je wa Malam Habu, kuma duk zuwa tayin raguwa yake, wai don ya ga ana gudu ana barinsa.

Sau uku Malam Habu yana zuwa da niyyar sayarwa. Duk zuwa sai in buɗe littafi in sake buga lissafin a gabansa, in tambaye shi me ya canja a filin tun wancan zuwan. Sai ya tashi ya tafi. A na ukun ko sallama bai yi min ba.

Wata rana kuma yayarsa, Hajiya Asabe, wadda ta fi kowa matsawa a raba gado, ta zo har zauren nan ta tsaya a tsaye.

"Kai ne Sule mai biro?" ta ce. "Ka riƙe ɗan'uwana da lissafin banza, ka hana shi ko da na haya. Idan wa'adi ya cika ya rasa wurin kwana, ɗakinka za ka ba shi?"

Na ce, "Hajiya, ki zauna in nuna miki."

"Ba na zama. Takarda ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba."

Ba ta yi ƙarya a kan tsoronta ba. Amma tsoro ba ya cikin abubuwan da ake bugawa a kalkuleta, kuma da na sake dubawa lambobin suna nan inda na bar su.

Damina ta dawo da ƙarfi. Ranar da aka kwana aka wuni ana ruwa, har katangu suka zube a cikin birni, na sa takalmin roba na tafi filin. Wajen ginin da ya tsage ruwa ya kai gwiwa. A kan babban filin kuwa ruwan gangarewa kawai yake, awakin unguwa duk sun hau can sun fake a jikin katanga. Ba ni kaɗai na gani ba. Duk wanda ya wuce ta titin a makon nan ya gani da idonsa, har da 'yan kasuwar da ke neman wurin shaguna.

Sai dai wa'adin Malam Habu saura mako biyar. Na ɗauki littafina na je wurin mai unguwar Dukawuya, aka tara magada. Ban yi musu alkawari ba, don ba na yi. Na shimfiɗa musu abin da na gani tun daga rahoto har ramukan Baba Iro, na roƙi wata uku. Mai unguwa ya dube su ya ce wanda ya yi haƙurin shekara, wata uku ba za su kashe shi ba. Hajiya Asabe ta ce ta yarda don darajar mai unguwa, ba don mai biro ba.

A wata na biyu kamfanin ya kira taron masu hannun jari. Aka sanar cewa wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kama filin za a gina rukunin shaguna, kuma kamar yadda aka saba a garin nan, sun biya hayar shekaru tun kafin a sa bulo ɗaya. Za a rushe ginin da ya tsage a mai da wurin magudanar ruwa da wurin ajiye motoci, za a kuma raba ribar da aka riƙe. Zauren taron ya kaure. Waɗanda suka sayar wa Alhaji suna waje suna salati. Cikin kwana goma farashin ya wuce inda Malam Habu ya saya, ya ci gaba da hawa.

Wakilin Alhaji ya sake zuwa, wannan karon har da tsarabar turare. Malam Habu ya ce masa ya je ya sami Malam Sule. Ya zo zaurena yana ta murmushi, ya faɗi tayinsa. Na buɗe littafi na nuna masa nawa lissafin, na ce ai ba sai na yi masa dogon bayani ba, tunda rami ɗaya muka leƙa ni da shi. Murmushin ya ɗauke. Ya fita ya yi waya ya dawo ya biya abin da na faɗa. Rabin hannun jarinsa kawai na sa Malam Habu ya sayar, shi ya isa rabon mutum biyar, sauran rabin yana hannunsa har yau yana karɓar riba.

Ranar biya aka taru a zauren gidan, mai unguwa da liman da shaidu, ni ma Malam Habu ya ce sai na sa hannu. Kowa ya karɓi nasa, aka rubuta, aka shafa fatiha. Ana watsewa Hajiya Asabe ta ja mayafi ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Malam Sule," ta ce, "wannan kuɗin nawa, ina kake ganin ya kamata in sa shi?"

Na ce ta ba ni mako uku. Liman ya yi dariya har da tari.

Malam Habu bai yi min doguwar godiya ba, ba halinsa ba ne. Ya riƙe hannuna ya ce in shigo mu gaisa da iyali. Muna shiga tsakar gida na tsaya cak. Gadaje a kwance an jingine su da bango, tukwane a cikin buhuna, littattafansa a kwalaye an ɗaure da igiya har igiyar ta yi ƙura. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun zuwansa na uku wurina, wata biyar ke nan a tabarma suke kwana. Duk tsawon lokacin nan bai gaya min ba, kuma bai sayar ba.

Ya saki hannuna, ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Ladi! Ku kwance kayan nan. Ba inda za mu."